Targaɗen Gwiwa Ba Abin Rainawa Ba Ne

Sau da yawa a Mubi, ɗan ƙwallo ko manomi mai gangarowa daga duwatsun Mandara yakan murɗe gwiwa, ta kumbura nan take. In hoto bai nuna karaya ba, sai a ce targaɗe ne, a nufi gidan mai ɗori.

To, a nan gizo ke saƙa. Idan jijiyar gwiwa ta tsinke, ƙashin cinya da na ƙwauri sukan yi karo, jini ya kwanta cikinsu, guringuntsin da ke tsakani kuma ya yage. Na'urar MRI ke gano wannan. Kwantaccen jinin yakan washe cikin 'yan watanni, amma tsakiyar guringuntsi ba ta samun jini sosai, saboda haka da wuya ta haɗe, kuma murza ba ta ɗinke ta. Wanda gwiwarsa ke sarƙewa ya nemi likitan ƙashi a Yola, ko Asibitin Dala, Kano.