Yadda rikicin Amurka da Sin ya shiga cikin allurar rigakafin Korona

A lokacin da cutar Korona ke kashe mutane a Filifin cikin 2020, wasu shafuka a Twitter sun yi ta gargaɗin jama'a da harshen Tagalog cewa kada su yarda da kayan kariya da allurar da ke fitowa daga Sin. Masu karantawa sun ɗauka 'yan ƙasarsu ne ke magana.

A watan Yunin 2024, binciken kamfanin dillancin labarai na Reuters ya gano cewa sojojin Amurka ne ke tafiyar da shafukan, aƙalla 300, duk na bogi. Aikin ya fara a zamanin Trump, ya ci gaba har tsakiyar 2021 ƙarƙashin Biden. Amurka na ramuwar gayya ne, domin jami'an Sin sun riƙa yaɗa cewa sojojinta ne suka kai cutar Wuhan.

Farfagandar ta kai ga Musulmin tsakiyar Asiya da Gabas ta Tsakiya, inda aka riƙa cewa allurar Sinovac na ɗauke da sinadarin alade. Kamfanin ya musanta hakan.

Ƙasar Hausa ta san illar irin wannan tsoro. Bayan Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna a 2003 saboda jita-jita, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, yara kuma suka nakasa. Shi ya sa kafin a tura saƙon allura zuwa zauren WhatsApp na dangi, yana da kyau a fara tambayar likita.