Ba Kowane Gwajin Magani Ne Gwajin Dafi Ba

Na gaji da jin magana ɗaya a majalisun Funtua da Malumfashi. Da zarar an ce likita a asibitin Shika da ke Zariya ko a Kano ya yi wa wani dattijo zancen shiga binciken sabon magani, sai ka ji an ce, "Kada ku yarda, zakaran gwajin dafi za su mai da Baba." Mai faɗin haka kuwa, ranar kasuwa za ka gan shi gindin motar mai lasifika yana sayen jarkar tsimi wadda ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki.

Mu ɗauki misalin cutar dajin furostet, tsokar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wadda ita ce kansar da ta fi kama maza a Nijeriya. Mutanenmu kan ɗauke ta sanyi ko basir, sai fitsari ya tsaya ko ciwon ya shiga ƙashin baya kafin a nufi asibiti. A wannan mataki likita na neman rage zafi ne da tsawaita kwana, da yardar Allah.

Tsoron gwajin magani yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani bincike da ya ƙunshi yara kusan 200. Sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75 a 2009. Amma babban abin da aka yi ƙara a kansa shi ne rashin neman izini da gaskiya, kuma tun 2007 Nijeriya na da ƙa'idar ƙasa kan binciken lafiya. Yau sai kwamitin ɗa'a ya duba, hukumar NAFDAC ta amince, kafin a gwada sabon magani a jikin mutum. Masu cewa za a ba maras lafiya ƙwayar banza a bar shi ya mutu, su sani ƙa'ida ta hana a janye wa mai kansa maganin da aka san yana aiki. Sau da yawa sabon ake ɗorawa a kai, a kwatanta. Ta wannan hanya binciken STAMPEDE da aka fara a Birtaniya a 2005 ya tabbatar cewa ƙara docetaxel ko abiraterone tun da wuri na tsawaita rayuwar masu wannan cuta. Baƙaƙen fata sun fi kamuwa da ita, amma su ne 'yan kaɗan a irin waɗannan bincike.

To idan aka yi wa mahaifinka tayin, ga abin yi. Ku ce a karanta muku takardar yarda da Hausa, gaban shaida, kafin ya sa hannu ko ya dangwala. Ku tafi da ita gida, ku kwana a kanta. Likitan da ya hana ku wannan, ku bar shi. Ku tambayi wane kwamiti ya amince da binciken, wace illa aka gani a jikin waɗanda suka riga suka sha, wa zai biya idan maganin ya kwantar da shi, kuma wa zai ɗauki kuɗin mota, don zirga-zirgar Malumfashi zuwa Zariya na iya cinye buhunan masarar shekara. Wanda ya ce ku biya kuɗin maganin gwaji, ku yi shakkarsa. Shi dattijon ne zai yanke hukunci, ba babban ɗansa ba, kuma ranar da ya ce ya fasa, ya fasa, ba a isa a hana shi maganin da yake karɓa a da ba. Duk saiwa ko jiƙon da yake sha a gida, a faɗa wa likita tun ranar farko, domin wasu na karo da maganin asibiti.