Jagora Mai Ɗaukar Hoton Namun Daji

A ƙasar Bauchi akwai wani babban daji da ake kira Yankari, wanda girmansa ya kai murabba'in kilomita 2,244. A shekarar 1956 hukuma ta keɓe shi, ta hana farauta a cikinsa. A 1962 kuma aka buɗe shi ga masu zuwa kallo. Baƙo ba ya kutsa kai cikin irin wannan daji shi kaɗai, don kada ya ɓata, ko ya gamu da abin da ya fi ƙarfinsa. Sai an haɗa shi da jagora. Waɗansu jagorori kuwa sukan haɗa wannan aiki da ɗaukar hoton namun daji.

Wanda ke son wannan sana'a, dole ne ya fara da koyon dajin kansa. Yakan daɗe yana bin wani tsohon hannu, har ya iya rarrabe sawun ɓauna da na gwanki, da na kanki, da na gwambaza. In ya ga sawu mai faɗi kamar faifai, ga rassan itatuwa a kakkarye, ya san giwaye sun wuce. In kashinsu da ɗumi, to, suna nan kusa. Yana kuma koyon sunayen tsuntsaye, waɗanda a Yankari sun fi iri 350. Sa'an nan ya koyi Turanci, domin baƙinsa daga ƙasashe dabam-dabam suke zuwa.

Bayan wannan sai sanin lokaci. Da damina ciyawa takan yi tsawo, ruwa ko'ina, dabbobi su watsu, ganinsu ya yi wuya. Amma da rani tafkuna sukan ƙafe, ƙishirwa ta koro dabbobi zuwa Kogin Gaji, wanda ya ratsa dajin. Can jagora yake kai baƙinsa, da sassafe ko da la'asar. Da tsakar rana dabbobi suna laɓe a inuwa, hasken kuma ya yi yawa, hoto ba ya yin kyau.

Iska ma abin lura ce. Giwa ba ta gani sosai, amma akwai ta da jin sansana. Saboda haka jagora yakan ɗebi ƙura ya sake ta, ya ga inda iska ta nufa. Sai ya tsaya inda iskar za ta taso daga wajen giwa zuwa wajensa. Ba ya shiga tsakanin uwa da ɗanta ko kaɗan, gama ran baƙinsa amana ce a hannunsa.

Na'urarsa ta ɗaukar hoto tana da dogon gilashi a baki, mai jawo abin da ke nesa ya zo kusa. Don haka ba sai ya matsa ya firgita dabba ba. Yakan zauna shiru, awa biyu ko uku, ƙudan tsando yana cizonsa, yana jiran dorina ta ɗago kai daga ruwa. Wata rana ya koma gida bai sami kome ba, gobe kuma ya sake fitowa. Mahaƙurci mawadaci.

Da me yake cin abinci? Baƙi suna biyan ladan jagora, masu buga littattafai da jaridu kuma suna sayen hotuna. A nan ya bambanta da maharbi. Maharbi in ya kashe giwa don haurenta, sau ɗaya zai ci moriyarta, shi ke nan. Amma jagora, giwar da ya nuna wa baƙi bana, ita zai nuna wa waɗansu baɗi, har ɗansa ya gāje shi a kanta, gama giwa takan yi shekara 60 a duniya. Shi ya sa in ya ga tarko ko sawun ɓarayin namun daji, nan da nan yakan sanar da masu gadin dajin.

To, yaron da ke sha'awar wannan sana'a ba sai ya jira samun na'ura ba. Ya fara da tsuntsayen bayan gari: ya koyi sunayensu, da kukansu, da abin da suke ci, ya kuma ajiye danƙon harbi.