Matar da ƙwayoyin jikinta suka ƙi mutuwa

A farkon shekarar 1951 wata baƙar fata mai suna Henrietta Lacks, uwar 'ya'ya biyar, ta je asibitin Johns Hopkins da ke birnin Baltimore na Amurka tana fama da zubar jini. Aka gano sankarar bakin mahaifa ce. Ana cikin yi mata magani sai likita ya yanki ɗan nama daga ƙarin, ya aika wa Dakta George Gey a ɗakin gwaji. Ko uffan ba a ce mata ba, balle a nemi izininta. A lokacin doka ba ta hana hakan ba.

Gey ya daɗe yana ƙoƙarin raya ƙwayoyin jikin mutum a kwalba, suna mutuwa bayan 'yan kwanaki. Na Henrietta kuwa sai ninkawa suke yi kusan kullum. Aka laƙaba musu HeLa, daga farkon sunayenta biyu, Gey ya yi ta rabawa masu bincike kyauta. Ita dai ta rasu ranar 4 ga Oktoba, tana da shekara 31, aka binne ta a ƙauyen Clover, kabarin ko alama babu.

Da ƙwayoyin nan aka gwada rigakafin shan inna na Jonas Salk. Daga baya kamfanoni suka mayar da su haja, alhali wasu 'ya'yanta ko inshorar lafiya ba su da ita. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na 1973. HeLa ta gurɓata samfurori a ɗakunan gwaji da dama, masana suna neman hanyar tantance ta, sai suka je suka ɗebi jinin mijinta da 'ya'yanta. Su kuwa a zatonsu ana duba ko sun gaji ciwon ne. Mutum ya yi ta zaman zullumi yana jiran sakamakon gwajin da ba a yi ba! A 2013 ma wasu masana a Jamus suka wallafa bayanan gadon HeLa ba tare da tuntuɓar iyalin ba, sai da aka yi ca a kansu aka janye.

Asibitin Johns Hopkins ya ce bai taɓa sayar da HeLa ba. Magadan Henrietta kuwa suka maka ɗaya daga cikin kamfanonin da suka mayar da ƙwayoyin haja, Thermo Fisher, a kotu a 2021, aka sasanta a 2023, ba a kuma bayyana adadin kuɗin ba.