Shinkafar Basmati Mai Dusa: Gaskiyar Zance da Ƙarin Gishiri

Basmati irin shinkafa ce mai doguwar tsaba siririya da ƙamshi, wadda ake nomawa a arewacin Indiya da Pakistan, musamman yankin Punjab. Mai dusa daga cikinta ita ce wadda aka cire wa buntu kawai, aka bar mata siririyar fatar jikin tsaba da idon da tsiro ke fitowa, shi ya sa take da launin ƙasa-ƙasa. A Gusau ana samun basmati a manyan shaguna cikin ƙananan jakunkuna, kuma tsadarta ta fi ta shinkafa 'yar gida nesa ba kusa ba. Maganganu sun yi yawa a kanta a saƙonnin WhatsApp da bakin masu talla, har mai saye a Tsafe ko Bungudu ya rasa wanne zai kama.

Batun cewa dusa na da amfani gaskiya ne. A cikinta ake samun mafi yawan bitamin B1 da maganiziyam da faiba, wato ɓangaren abinci da ke sauƙaƙa bayan gida, ya kuma sa mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. Gram 100 na shinkafa mai dusa na ɗauke da faiba kimanin gram 3.5, farar da inji ya goge tas kuwa da kyar take wuce gram 1. Tun a shekarun 1890 likita ɗan ƙasar Holan, Christiaan Eijkman, ya lura a tsibirin Java cewa kajin da ake ciyarwa da gogaggiyar shinkafa suna kamuwa da ciwon shanyewar ƙafa mai kama da beriberi, idan aka ba su mai dusa kuma sai su miƙe. Wannan aiki ya jawo masa kyautar Nobel a 1929. A 2010 masu bincike na jami'ar Harvard a Amurka, bayan bin diddigin mutum kusan 200,000, sun ƙiyasta cewa musanya gram 50 na farar shinkafa da mai dusa a kullum na tafiya da raguwar haɗarin kamuwa da ciwon suga da kashi 16 cikin ɗari.

Daga nan ne masu talla ke yin tsalle su ce maganin ciwon suga ce, mai lalurar ya ci son ransa. Wannan ƙarya ce mai haɗari. Binciken ya shafi rage haɗari ga waɗanda ba su kamu ba, bai ce tana warkar da kowa ba. Basmati dai ba ta saurin ɗaga sugan jini kamar shinkafar tuwo mai laushi, amma sitaci ne mafi yawan jikinta, kuma mai dusa da fara duk suna da kalori kimanin 360 a kowane gram 100 kafin a dafa. Wanda ya cika faranti fal zai ga sugansa ya hau, mai neman rage ƙiba ma ba zai rame ba. Mai ciwon suga kada ya ajiye maganin asibiti saboda buhun shinkafa.

Akwai kuma ruɗani kan launi. Basmati mai ruwan zinare, wadda ake rubuta wa sella a jikin jaka, turarawa aka yi sannan aka goge ta, babu dusa a jikinta. Irin wannan turarawa kuwa sana'a ce da mata suka daɗe suna yi a ƙasar Zamfara. Ana jiƙa shanshera a ruwan ɗumi ta kwana, a zuba a babbar tukunya ko rabin duro da ɗan ruwa a ƙasa, a rufe da buhu har sai buntu ya fara tsagewa, a shanya a kan tabarma ana motsawa, sannan a kai injin casa. Tururin na tura wani kaso mai yawa na bitamin daga dusa zuwa cikin tsaba, ya kuma sauya sitacin yadda ba zai narke da sauri ba. Don haka masu cewa shinkafar fadamun kogin Sakkwato ko ta noman rani a madatsar Bakolori ba ta kai 'yar waje gina jiki ba, sun yi kuskure. Aibinta tsakuwa da ƙura, kuma wannan daga shanya a ƙasa da rashin injin tsince tsakuwa yake. Jar shinkafar nan ta gargajiya ma, irin Afirka da aka fara nomawa a fadamun kogin Neja a Mali kimanin shekara 3,000 da suka wuce, idan ba a surfe ta sosai ba, mai dusa ce cikakkiya.

Mai dusa tana da nata illolin da ba a cika faɗa ba. Man da ke cikin dusar na sa ta yi warin ajiya cikin kimanin wata 6, a zafin bazara ma ba ta kai hakan ba. Tana cin wuta, domin takan ɗauki kusan minti 40 kafin ta nuna, sai dai in an jiƙa ta tukuna. Ba ta tuƙuwa, don haka ba ta dace da tuwo ba. Gubar asenik da shinkafa ke zuƙa daga ƙasa da ruwa ta fi taruwa a dusa, shi ya sa bai kamata ta zama abincin ƙananan yara safe da yamma ba.

Wata jita-jita kuma da ake yaɗawa kan shinkafa ita ce wai akwai ta roba, kuma ta yi ƙarfi a Disambar 2016, lokacin da jami'an kwastam suka kama buhu 102 a Legas bisa wannan zargi. Gwajin hukumar NAFDAC bai sami roba a ciki ba, ƙwayoyin cuta aka samu.

Magidancin da ba shi da kuɗin basmati bai yi asarar komai ba. Turarriyar shinkafa 'yar gida, idan aka tsince ta, aka dafa ba tare da tace ruwan farko an zubar ba, aka haɗa da wake da zogale ko alayyafo, ta fi farantin basmati mai dusa zalla faiba da furotin, kuma a kuɗi kaɗan.