Shin Ko Kun San? Gadon Jar Akuyar Maraɗi

Shin ko kun san cewa jar akuyar da mata ke ɗaure a turke a Madarunfa, Ɗan Isa da Jiratawa ta yi suna har Turai? Fatarta ce ta kai ta can. Majema su jeme, fatake su ratsa sahara da ita, Turawa su saya a hannun Larabawa suna kiranta fatar Maroko, alhali daga ƙasar Hausa ta fito. A Najeriya ana ce mata jar Sakkwato.

Ko kun san tun 1963 aka buɗe cibiyar kiwon awaki ta Maraɗi domin adana wannan iri da inganta shi?

Abin da ya sa mata ke sonta shi ne haihuwa. Wata biyar take ɗaukar ciki, tagwaye ba abin mamaki ba ne a wurinta, ƴan uku ma akan samu, kuma in ta ƙoshi tana iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu. Wannan hali gado ne da ke tafe cikin ƙwayoyin halitta, rabi daga uwa, rabi daga uba. A nan ne abin ke damuna: bunsuru guda yakan bi awakin unguwa gaba ɗaya, amma shi ne ake fara kaiwa kasuwa in buƙata ta taso, a bar ƙanƙanin da ba wanda ya san uwarsa. In kuma ɗa ya riƙa bin uwa da ƴan'uwansa mata, sai ƴaƴa su fara fitowa a tsumbure.

Ko kun san masu kiwon alade a wasu ƙasashe sun daɗe da gane wannan lissafi? Aladen Meishan na ƙasar Sin yakan haifi ƴaƴa 15 ko fiye a ciki ɗaya, shi ya sa Faransa ta shigo da shi a 1979, Amurka kuma a 1989, don a gano sirrin. A 2012 masana suka kammala karanta taswirar gadon alade.

A wurin akuya, launi ma gado ne, amma ja kaɗai ba ya tabbatar da nono ko tagwaye. Tsofaffin masu kiwo in za su zaɓi bunsuru, uwarsa suke tambaya: sau nawa ta haihu, nawa suka rayu, kuma nononta na isar ƴaƴan har a tatsa?