Warin ɗakin kaji da gubar ruwan kifi: uwarsu ɗaya

Tambayoyi biyu ne suka fi yawan zuwa mini. Mai kaji ya ce idanun kajinsa na hawaye, suna minshari. Mai kifi ya ce ya wayi gari tarwaɗa sun daina cin abinci, sun taru a saman ruwa. Sau da yawa mai laifin ɗaya ne, sunansa amoniya. Ku ba ni aron hankalinku mu ɗan leƙa ajin kemistiri, domin wannan karatun kuɗi ne.

Duk abin da muke gani, ruwa ne ko iska ko dusa, an gina shi ne da ƙwayoyin zarra waɗanda ido ba ya iya gani. Sinadaran asali da aka sani 118 ne, amma mai kiwo kaɗan ne suka shafe shi: oksijin, haidirojin, naitirojin, kabon da kalsiyam. In biyu ko fiye suka haɗu, sai su haifi wani abu mai halinsa daban. Sodiyam ƙarfe ne da ke iya kamawa da wuta in ya taɓa ruwa, kulorin kuma iska ce mai guba, amma haɗuwarsu ita ce gishirin miya. Haka naitirojin: shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, ba ya cutar da kowa. To amma in ƙwayarsa ɗaya ta haɗu da haidirojin uku, ta zama amoniya, wadda ake rubutawa NH3.

Daga ina take zuwa? Daga buhun abincin da ka saya da kuɗinka. Kusan kashi 16 cikin 100 na furotin naitirojin ne. Abin da jiki bai mayar tsoka ba dole ya fita. Kifi yana fitar da shi a matsayin amoniya ta jajayen nan na gefen kansa da yake numfashi da su, kai tsaye cikin ruwan da yake zaune. Kaza kuwa tana fitar da shi ne a farin nan da ke kan kashinta. In buntu ko garin katako ya jiƙe, ƙwayoyin bakteriya sai su narka shi, amoniya ta tashi.

A ɗakin kaji, masana sun ce kada ta wuce ppm 25, wato kashi 25 cikin miliyan. Matsalar ita ce hanci yana sabawa da warin, kuma kai a tsaye kake, su kuwa hancinsu na dab da buntun. Ni abin da nake yi shi ne in tsuguna daidai tsayin kaza. In idona ya yi yaji, to su tuni sun jigata. Amoniya tana lalata hanyar numfashi, ta buɗe wa cututtuka ƙofa. Abin ya fi tsanani da hunturu, lokacin da ake lulluɓe ɗaki ruf da leda. A bar kafar iska ta sama, a gyara mazubin ruwa mai yoyo, a kwashe jiƙaƙƙen buntu.

A ruwa kuma amoniya fuska biyu gare ta. Akwai NH3 mai guba, akwai NH4 mai sauƙin illa. Abin da ke raba gardama shi ne pH, ma'aunin tsami ko kanwa-kanwar ruwa, daga 0 zuwa 14. Kifi ya fi son 6.5 zuwa 8.5. A zafin digiri 25, in pH na kan 7, mai gubar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A kan 8 ta kai kusan kashi 5, a kan 9 ta haura kashi 35. Ka ga ruwa ɗaya, amma hatsarin ya ninka. Ƙarin zafi ma yana ƙara ta. Shi ya sa ba a zuba farar ƙasa a ruwan da amoniya ta yi yawa, kuma ba a zuba kifi a sabon kwamin siminti sai an jiƙa shi an wanke sau da yawa, don siminti yana ɗaga pH.

Akwai bakteriya masu amfani da ke mayar da amoniya naitirait, daga nan naitirat. Bambancinsu ƙwayar oksijin ɗaya ce tak, NO2 da NO3, amma na farko yana mayar da jinin kifi ruwan ƙasa ya kasa ɗaukar oksijin, na biyun kuwa taki ne. Shi ya sa alayyafo da ayaba ke murna da ruwan da ka zubar daga kwami. Gishiri yana rage shigar naitirait jikin kifi, amma fa bai cire amoniya ba.

Su ma waɗannan bakteriya oksijin suke buƙata, ga shi ruwa mai zafi kaɗan yake riƙewa: kusan miligiram 9 a lita a digiri 20, kusan 7.5 a digiri 30. A koren ruwa, oksijin ya fi ƙaranci da asuba, pH ya fi hawa da la'asar. Tarwaɗa na iya hawowa ta shaƙi iska, karfasa ba ta da wannan gatan.

Don haka in ka ga kifi sun yi sanyi, kafin ka ruga sayen magani, ka dakatar da abinci na yini ɗaya, ka sauya wani kaso na ruwan, ka gwada pH da amoniya safe da yamma. In ruwan famfo ne, a bar shi ya kwana a buɗe kulorin ya fita. Kuɗin kayan gwaji ba su kai asarar kwami guda ba.

Wanda ya taɓa gwada ruwansa, ya faɗa mana lambar da ya samu da irin ruwan da yake amfani da shi, rijiya ko burtsatse ko famfo. Allah ya sa albarka a kiwonmu.